Kati Biyu, Minti Ɗaya

"Ki gaya masa kada manyansa su wahalar da kansu ranar Asabar."

Yaya bai ɗago ba da ya faɗi haka. Bota yake shafa wa burodi, a tsanake, gefe zuwa gefe, kamar mai fentin ƙofa.

Auta ta ajiye butar shayi. Shekararta talatin da ɗaya, takwas daga ciki ta yi su a ɗakin gwajin jini na asibiti, inda ta koyi miƙa wa mutane takardar mugun labari ba tare da hannunta ya yi rawa ba. Karɓa ce ba a koya mata ba.

"Wace Asabar, Yaya?"

"Asabar nawa gare ki?"

"Kai fa ka sa ranar da bakinka. A kan kujerar nan. Ka ce mutumin kirki ne, sana'arsa ba abin kunya ba ce."

"Na faɗa. Yanzu na janye. Bakina ne ai."

Umma, mahaifiyarsu, tana gefe a kan darduma. Tun rasuwar mahaifinsu Yaya ne uban gida, ga shi shugaban makarantar sakandare, mutumin da yara dubu ke ce wa to kafin ya rufe baki. Umma ta yi abin da iyaye mata kan yi in ɗan fari ya fara magana da muryar ubansa. Ta ƙara saurin carbi.

"Me ya yi maka?" in ji Auta.

"Iskata ya sha."

Baƙo zai ɗauka Yaya ya taɓu. Amma a gidan nan har Umma ta san yaren masu keke, don shekara goma ke nan ana cin abinci da shi.

Duk shekara ƙungiyar masu keke ta garin kan shirya Doguwar Tafiya. Kilomita ɗari biyu, a tashi ƙarfe shida na safe, a dawo kafin bakwai da rabi na yamma. Ba tsere ba ne, na ɗaya ba ya samun komai sai kujerar zama. Malamai ne da teloli da direbobi da ma'aikatan banki masu tumbi, kowa da kati a aljihun baya, ana buga masa hatimi da lokaci a tasha huɗu. Wanda ya gama sau goma, sai a rubuta sunansa da ruwan zinare a allon da ke zauren ƙungiya. Sunaye shida ne a allon, uku masu su sun mutu. Ranar Lahadin da ta wuce Yaya ya yi ta goma.

Dokar tafiyar biyu ce. Ta takarda ta ce da ƙafarka ka tafi, da ƙafarka za ka dawo, ba kama mota, ba turi. Wanda aka tura ya rasa tafiyarsa, wanda ya tura a dakatar da shi shekara biyu. Ɗayar ba a rubuta ta ba, shi ya sa ake bin ta. Na gaba shi ke fasa iska, na baya yana hutawa a bayansa, don haka karɓa-karɓa ake yi. Wanda ya laɓe a bayan wani bai taɓa fitowa ya karɓi gaba ba, kaska ake ce masa.

"Kilomita saba'in," in ji Yaya. "Daga tasha ta uku har gida yana manne da tayata. Sau ɗaya bai ce Malam huta in karɓa ba. Saurayin da zai laɓe a bayan mai shekara arba'in da tara, a bayanki zai laɓe har ya mutu. Ni ba na ba kaska ƙanwata."

"Yaya, shi fa ya fi kowa ƙafa a ƙungiyar nan."

"To kin gani. Ba gajiya ba ce ke nan. Hali ne."

Ya goge bakinsa, ya ɗauki makullin mota. A bakin ƙofa ya waiwayo, kamar abin yanzu ya faɗo masa.

"Mai Tabarau zai shigo gobe da la'asar. Zai kawo takardarsa ta alƙalin tafiya. Ki zauna a gida, ki gaishe shi kamar mutum."

Auta ta bi bayansa da kallo. Yaya mutum ne da in ya yi fushi yakan dube ka a tsakiyar ido har ka nemi wurin ɓuya. Yau tun da ya zauna bai dubi kowa ba sai burodi.

*

Mai Tabarau bai jira gobe ba. Da azahar ya bayyana a tagar ɗakin gwaji, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa.

Shago gare shi a babban titi, mai gilashi tun daga ƙasa har sama. Bai taɓa hawa keke ya wuce bakin kasuwa ba, shi ya sa aka naɗa shi alƙalin hanya. Ranar tafiya yakan sa jar riga, ya hau babur, yana kai da kawowa yana duba masu karya doka. Shekara biyu yana neman Auta, shekara biyu tana gaishe shi da ladabin da ake gaishe da mai karɓar haraji.

"Ranki ya daɗe. An ce in kawo miki katuna ki kwafe lokutan a littafin ƙungiya, tunda ke kika riƙe tasha ta huɗu."

Ya miƙo ƙunshi ɗaure da roba. Biyu ya ware, ya ɗora a sama.

"Waɗannan fa?"

"Haka suka zo hannuna." Ya yi murmushi. "Ni mai sayar da tabarau ne. Ba na gaya wa mutum abin da zai gani. Taimaka masa kawai nake yi ya gani."

Ta duba. Na farko na Yaya ne. Na biyu na mai gyaran keken da duk garin ke kira Baƙin Mai, mutumin da ya kamata manyansa su zo ranar Asabar.

Tasha ta biyu, Baƙin Mai, tara da minti ashirin. Yaya, sha ɗaya da minti goma.

Tasha ta uku, Baƙin Mai, biyu da ashirin da biyar. Yaya, biyu da ashirin da biyar.

Ta sake karantawa. Ita da lambobi ba sa yi wa juna ƙarya. Kilomita arba'in ne tsakanin tashoshin nan, kuma mutumin da ke cinye arba'in kafin shayi ya huce ya yi awa biyar a cikinsu.

"Wataƙila faci ya yi," ta ce.

"Wataƙila. Mai gyaran keke, faci, awa biyar." Mai Tabarau ya jinjina kai kamar likitan da ya ji sabuwar cuta. "Wancan ɗan garin da ke bayan gada, ba can ya koyi sana'a ba? Na ji an ce 'yar maigidansa tana nan. Aurenta ya mutu, baiwar Allah. Kai, bar ni da surutu. Sai gobe, ranki ya daɗe."

Ya tafi ya bar ƙamshi da magana. Ƙamshin ya watse kafin la'asar.

Auta ta san mutumin na da manufa. Ta san shi sarai. Amma zargi ba ya tambayar wanda ya kawo shi, kujera kawai yake nema. Ta tuna yadda suka iso teburinta ranar Lahadi, ƙarfe biyar da kwata. Yaya a gaba, fuska kamar toka. Baƙin Mai a baya, ya miƙo kati bai dube ta ba. Shi da ko a layin mai ya hango ta sai ya yi mata tsiya. A lokacin ta ce gajiya ce.

Yammacin nan sau biyu ta gwada jinin mutum ɗaya, don ta manta ta riga ta yi.

*

Shagon Baƙin Mai ɗaki ɗaya ne mai ƙofar ƙarfe, tayoyi rataye a ƙusoshi, kwanon ruwan neman huji a bakin ƙofa, ko'ina warin roba da gam. Ta same shi ya kifa wani keke ƙafa sama, yana juya taya yana sauraronta, kamar mai jiran ta faɗa masa inda ke mata ciwo. Hannayensa baƙi ƙirin har wuyan hannu. Ƙaramin yatsansa na dama guntu ne, sarƙar keke ta cinye gaɓa ɗaya tun yana koyo.

"Likita!" ya ce. "Yau jinin wa aka zo ɗiba?"

"Naka."

Ta ajiye katunan biyu a kan akwatin kayan aiki. Ya dube su, dariyar ta sauka daga fuskarsa a hankali.

"Awa biyar," ta ce. "Kilomita arba'in."

"Ƙafa ce ta ƙi."

"Ƙafar wa?"

Ya ɗago da sauri, ya sake sunkuyawa. "Tawa mana. Ta wa kuma?"

"Ka tsaya a garin bayan gada?"

"Na tsaya."

"Wajen wa?"

"Ƙarƙashin bishiya."

"Bishiyar tana da suna? Ita ma aurenta ya mutu?"

Ya ajiye sifana. "Subhanallahi. Wa ya kawo miki wannan?"

"Kada ka tambaye ni wa ya kawo. Ka ce min ƙarya ce."

"Ƙarya ce. Wallahi rabona da gidan nan tun rasuwar maigidana."

"To me ka yi awa biyar?"

Ya juya tayar. Tana ta juyawa tsakaninsu, tana ɗan ƙara cik, cik, cik.

"Yaya ya fasa," ta ce. "Ya ce kada manyanka su zo. Ya ce kaska ne kai, ka sha iskarsa kilomita saba'in."

Ta zuba masa ido. Ta san shi da zuciya a kan abu ɗaya tak a duniya. Ka ce masa talaka, ya yi dariya. Ka ce masa jahili, ya ce Allah ya ƙara wa malamai ilimi. Amma wani direba ya taɓa ce masa kaska da wasa, sai da aka shiga tsakani.

Yau ya haɗiye yawu kawai.

"Haka Malam ya ce?"

"Haka ya ce."

"In Malam ya faɗa, to haka ne."

A nan hawayen da ta riƙe tun safe suka ɓalle.

"Haka ne? Shekara uku ina tsaye a kanka! Ƙawayena sun ce me zan yi da mutumin da farcensa bai taɓa yin fari ba, na ce ku bar min abuna. Umma ta ce ina ma mai ofis ne, na lallashe ta. Yaya ma da ƙyar, da ƙyar, sai da ya ce to. Saura kwana uku, a ce maka kaska, ka ce haka ne? Ko dai dama hanyar fita kake nema? In ka gaji da ni ka faɗa min da bakinka. Ni ba yarinya ba ce, ba zan sha guba ba."

"Auta, ki yi wa Allah."

"Kai ka yi wa Allah! Mutum ba ya ɓoye awa biyar sai in akwai abin kunya a ciki."

"Wannan gaskiya ne," ya ce a hankali.

"To na wa?"

Ya miƙo hannu zai share mata hawaye, ya ga baƙin da ke tafinsa, ya mayar da shi bayansa.

"Akwai maganar da in na faɗa miki, ba zan ƙara iya shiga gidanku ba. In na yi shiru kuma ga shi an rufe min ƙofa. Duka biyun rashi ne. Ki bar ni da wanda zan iya ɗauka."

"Ni fa? Wa ya tambaye ni wanda zan iya ɗauka?"

Ya koma kan tayarsa. Maza na da wata irin jarumta da suke yi da rayuwar mata, su kira ta amana.

Ta kwashe katunan. Har ta kai bakin titi tana jiran ya kira ta. Abin da ta ji kawai tayar ce, cik, cik, cik.

*

Washegari ba ta da aiki. Matar Yaya ta tafi jinyar mahaifiyarta tun watan jiya, wankinsa ya dawo hannun Auta. Tana ware farare daga masu launi a bakin famfo Umma ta leƙo.

"Yayanki ya yi wanki shekaranjiya."

"Wane Yayan?"

"Nawa na haifa? A banɗaki, ya kulle ƙofa. Ina jin yana dirza kamar mai wanke tukunyar biki. Tun da na haife shi bai taɓa wanke ko hankici ba."

"Me ya wanke?"

"Ni na ce na gani? Ji na yi." Umma ta juya. "Kuma ban ga an shanya komai ba."

Auta ta zazzage kwandon. Ga wandon keke, ga safa, ga hular kwano an ajiye a kan taga. Rigar ce babu. Farar rigar ƙungiya mai shuɗin layi, wadda duk shekara Yaya kan rataye ta a falo mako guda da guminta, don baƙi su tambaya.

Ba ta taɓa binciken ɗakin Yaya ba. Yau ta shiga. Rigar ba ta cikin durowa, ba ta ƙarƙashin gado. A saman kabad ta same ta, an cusa ta cikin tsohuwar rigar filo, da ɗanshi har yanzu, tana warin sabulu da maganin fari.

Ta baza ta a gaban taga.

Gaban rigar tas. Bayan ne. Can ƙasa, daidai ƙugu, saman aljihu, akwai wani tabo mai faɗin faranti. Wanda bai san wanki ba ne kawai zai sa wa baƙin mai ruwan sanyi da sabulu, sai dai ya ƙara zaunar da shi. Auta ta saba karanta tabo, sana'arta ke nan. Wannan ba faɗuwa ba ce, ba jingina da bango ba ce. Shatin hannu ne a kan shatin hannu a kan shatin hannu, sau ba adadi, a wuri ɗaya. A gefe guda ɗaya ya fito shi kaɗai. Yatsu huɗu dogaye da guntu ɗaya.

Ta zauna a bakin gado.

Wata guda kafin tafiyar ita ta auna sukarin Yaya, ta roƙe shi ya haƙura bana. Ya ce takarda ba ta tuƙa keke. Ranar Lahadi da asuba, a wurin tashi, tana maƙala wa Baƙin Mai lamba a riga, ta ce masa, "Ka sa min ido a kan Yaya." Haka kawai ta faɗa, irin maganar da ake yi ana neman allura. Kafin rana ta fito ta manta.

Shi bai manta ba.

*

Yaya na falo yana sa hannu a takardun makaranta. Ta shimfiɗa rigar a kan takardun, baya a sama.

Alƙalamin ya tsaya. Kunnuwansa suka yi wani iri.

"Wa ya ba ki izinin shiga ɗakina?"

"Kaska yana da hannu, Yaya?"

"Ɗauke wannan."

"Na je na zarge shi da mace. Na yi masa kuka a gaban shagonsa, mutane na wucewa. Na ce masa ka kira shi kaska, ya ce in Malam ya faɗa haka ne. Yaya, ka ji tsoron Allah. Me ya yi maka?"

Yaya ya daɗe yana kallon tabon. Da ya yi magana, ba muryar shugaban makaranta ba ce.

"Bayan gada na sauka. Na zauna a bakin kwalbati, idona na ganin duhu da rana tsaka. Na riga na ciro waya zan kira motar kwasar waɗanda suka gaza. Sai ga shi ya fito daga ƙarƙashin wata bishiya. Wai faci ya yi. Tayoyinsa cike kamar ganga. Ya jiƙa sukari a gorarsa ya ba ni. Na ce ya tafi. Ya ce to. Bai tafi ba."

"Sai me?"

"Sai muka hau. Duk inda hanya ta miƙe, yana baya. Duk inda ta yi tudu, sai in ji hannu a nan." Ya taɓa ƙugunsa. "Na ce cire. Ya cire. Tudu na gaba ya mayar. A na huɗu na daina cewa."

Hawaye na zuba a fuskar Auta. "To ai ceton ka ya yi!"

"Shi ne laifin." Ya dube ta a ido, karon farko cikin kwana biyu. "Kilomita saba'in bai ce uffan ba. Da muka iso, mutane na tafi, shi ya fara ɗaga hannuna. Da ya yi min gori ko sau ɗaya, wallahi da na yafe masa. Amma ya auri ƙanwata, ya riƙa shigowa gidan nan yana durƙusawa yana ina kwana Malam, shi ya sani, ni na sani? Ya haifi 'ya'ya su je zaure su karanta sunana da ruwan zinare? Ba zan iya zama da surukin da ya san nauyina ba, Auta."

"Mai Tabarau fa? Shi me ya sani?"

Yaya ya kau da kai.

"A tudun ƙarshe ya wuce mu a babur. Ya rage gudu. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya wuce. Ranar Litinin ya zo ofishina. Bai ce komai a kan keke ba. Ya ce bai samu sukunin sa hannu a takardar alƙali ba tukuna. Sannan ya tambaya ko an riga an tsayar da maganarki."

"Ka ce masa me?"

"Na ce ba a tsayar ba."

Ta share fuska da gefen mayafi. Kukan ya tsaya cak, wani abu mai sanyi ya maye gurbinsa.

"Wato ɗaya ya ɗauke ka, ɗaya ya riƙe ka a wuya. Ka kori mai ɗauka, za ka saka wa mai riƙo da ni."

"Ban ce dole ba. Na ce ki gaishe shi."

"Salamu alaikum!"

Ƙamshin ya shigo, mai shi na biye da ambulan a hannu da kwalin biskit na Umma. Yaya ya kai hannu zai janye rigar. Auta ta dafe ta.

"Wa alaikumus salam. Shigo, alƙali. Zauna nan, inda haske yake."

Ya zauna. Ya ga rigar. Murmushinsa ya tsaya a inda yake kamar hoton kalanda.

"Ga abin da ka gani ranar Lahadi," ta ce. "Rubuta shi."

"Ranki ya daɗe, ni ai ban..."

"Ka gani. Har tabarau ka goge. Gobe kwamiti ke karɓar takardarka. In ba ka rubuta ba, ni ma ina da takarda, ta tasha ta huɗu. Zan rubuta a tawa, in ƙara da cewa alƙali ya sani tun Lahadi, kuma in faɗi abin da ya je nema ofishin Yayana ranar Litinin."

Ta san farashin. Allon Yaya ya tafi. Baƙin Mai zai yi shekara biyu yana gyara kekunan da za su tafi su bar shi. Ba ta tambayi ko ɗayansu ba, kamar yadda ba wanda ya tambaye ta.

Mai Tabarau ya juya ga Yaya. "Malam, ka yi mata magana. Wannan ai abu ne da za a rufe tsakanin manya. Sunanka fa, Malam. Shekara goma."

Umma na tsaye a ƙofar kicin, ba wanda ya san tun yaushe.

Yaya ya ɗauki alƙalaminsa, jan da yake soke amsar yara da shi, ya miƙa.

"Tara," ya ce. "Tara gare ni. Rubuta."

Mai Tabarau ya rubuta layi uku. Ya tashi bai jira shayi ba. Biskit ɗin ma sai da ya ɗan tsaya yana kallonsa kafin kunya ta sa ya bari.

Da ƙarar babur ta ɓace, Yaya ya tattara takardunsa ɗaya bayan ɗaya, ya daidaita gefensu.

"Ki ce su zo ranar Asabar. Baffa zai karɓe su."

Auta ta durƙusa. "Yaya, na gode, Allah ya..."

Ya janye ƙafarsa.

"Kada ki gode min. Shi bai haɗa komai da ni ba, ya rufa min asiri har ya yarda ya rasa ki. Ke da muka sha nono ɗaya, minti biyar kika kasa."

"Yaya!"

"Ranar Asabar ina da aiki a makaranta. Ranar ɗaurin aure ma ina da aiki. Duk ranar da zai shigo gidan nan, ki faɗa min da wuri, ina da aiki."

Ya hau bene a hankali, yana dafa bango. Umma ta bi shi da ido. Suka ji ƙofa, suka ji makulli.

Auta ta fita tsakar gida da waya a hannu. Sau biyu ta danna lambar Baƙin Mai ta katse. A na uku ta bari ta shiga.

"Likita?" Muryarsa a dashe, kamar wanda bai yi magana da kowa ba tun jiya.

"Su zo ranar Asabar," ta ce.

Ta jira ihu, ko hamdala, ko irin tsiyar da ya saba. Ta ji an ajiye ƙarfe a ƙasa. Ta ji numfashinsa.

"Auta," ya ce. "Me kika yi masa?"